Shekarar da Citta Ta Faɗi

"Mama, me ya sa madaran Bato ya zama kamar ruwan wankin shinkafa?"

Regina na tsugune a gaban murhu tana girgiza bulumboti, kwalbar shayar da jariri, sai hannunta ya tsaya cak. Lai'atu, 'yarta mai shekara biyar, ba ta iya tambaya a hankali ba. Duk abin da ya zo mata a rai da ƙarfi take faɗinsa, kamar tana amsa katikisim a coci. Ga kuma ubanta Kambai zaune a kan turmin da aka kife, yana gyara ƙotar fartanya.

"Je ki kori akuya daga bakin rumbu," in ji Regina.

"Da fari ne fat, ina lasa a cokali. Yanzu ko daɗi babu."

"Na ce ki je."

Yarinyar ta tafi tana jan ƙafa. Kambai ya ajiye fartanyar, ya miƙo hannu. Regina ta ba shi kwalbar don ba ta da yadda za ta yi. Ya ɗaga ta wajen hasken safiya. Ta cikin madarar ana hango inuwar yatsunsa.

"Maman Lai'atu, mene ne wannan?"

"Abin da ya rage ke nan."

"Ba kwanan nan na kawo gwangwani ba?"

"Ranar Larabar Toka, da aka fara azumin coci, ka kawo shi. Ka ƙirga da kanka."

Bai ƙirga ba. Ya juya ya dubi tabarmar da Bartholomew ke kwance, jaririn da kowa a gidan ke kira Bato. Watansa biyar, amma cinyarsa ba ta fi ta ɗan wata biyu ba, kuma tun shekaranjiya yake gudawa.

A bara ba haka gidan yake ba. A bara citta ta yi kuɗin da ko tsofaffin Kwoi suka ce ba su taɓa gani ba. Masu saye har ƙofar gida suke biyo mutum da sikeli. Kambai ya rufa ɗaki da kwano, ya sayi keke da rediyo, sannan da damina ta zo ya ce acca ta masu ƙaramar zuciya ce. Ya juye gonar acca ya sa citta. Da wurin bai ishe shi ba, ya haɗa da burtalin da shanun Fulanin rugar Hammawa ke bi zuwa ruwa, ya nome shi, ya kewaye da shingen ƙaya. Tun ranar matan ruga suka daina shigowa gidan da ƙwaryar kindirmo.

A cikin wannan daɗin aka haifi Bato. Sati biyu da haihuwa nonon Regina na hagu ya kumbura ya yi ruwa, aka tsaga shi a asibiti, aka ce ta riƙa taimaka wa yaron da madarar gwangwani kafin ta warke. Kambai ya dawo daga Kafanchan da katan guda a bayan keke, yana dariya tun daga bakin hanya. Ranar Lahadi matan zumunta suka kewaye ta a ƙofar coci suna karɓar bulumbotin hannu-hannu, suna cewa ɗan Kambai ɗan Turawa ne. Ciwon ya warke, amma yaron ya saba da roba, ita kuma ba ta matsa masa ba. Kafin Kirsimeti nonon ya kafe duka biyun.

Daga nan gwangwani ya fara hawa. Kuɗinsa na Kirsimeti daban, na sabuwar shekara daban, kowane wata da nasa. Citta kuwa da aka tone ta, aka tsaga, aka shanya, sai ta faɗi warwas. Buhunan Kambai na nan jibge a ɗakin baya har rufi, yajinsu ya kama kayan sawa da shimfiɗa, ya ƙi sayar da ko ɗaya.

"Baban Lai'atu," in ji Regina, "ka fitar da buhu ɗaya."

"A wannan kuɗin? In zubar da wahalana na shekara guda?"

"Ɗaya kawai na ce."

"Wanda ya fitar da ɗaya ya fitar da duka, haka masu awo ke so. Ki yi haƙuri bayan Ista. Kowa ya ce zai tashi bayan Ista."

"Bato ba zai jira Ista ba."

"Kar ki yi mini baki a kan yaro!"

Ya miƙa mata kwalbar ba tare da ya dube ta ba, ya saɓa fartanya ya fita.

Regina ta shayar da yaron abin da ke ciki. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo daro daga ƙarƙashin gado. A ƙauyensu citta ta namiji ce, amma in ya gama tono ya kwashe, abin da mace ta bi gona ta tsinta kala ne, nata ne, ba mai tambayarta. Regina ta bi gonaki uku da Bato a baya, ta tsaga 'yan guntayen da wuƙa, ta shanya su a kan dutse. Daron ya cika har ya yi tozo. A bara irin wannan daron ya saya mata zani da takalmin Lai'atu, har da canji.

Ta kai Lai'atu wurin maƙwabciya, ta goya Bato, ta ɗauki daron a ka, ta nufi bakin hanya inda motar kasuwa ke tsayawa.

*

Rana ta ɗaga kafin su shiga Kafanchan. Daga kan motar ta hango tashar jirgin ƙasa, da buhunan citta jere a gefen shago, an lulluɓe wasu da tamfol, wasu an bar su haka nan awaki na hawa. Ba ta taɓa ganin citta tana jiran jirgi ba. Jirgi ke jiran citta.

A rumfar masu awo ta sami Malam Nuru, wanda ke saya wa wani kamfani, shi ne a bara ya zo har gidansu. Yana zaune yana fifita da kwali, ba kowa a gabansa.

"A'a, matar Kambai ce? Sannu da hanya. Yaya mai gidan? Har yanzu yana kwana a kan buhunansa?"

"Yana nan, Malam."

Ya zuba hannu a daron, ya karya guda ya shinshina. "Kin iya shanya, wannan ba ta ga ruwa ba." Ya ɗora a sikeli, ya faɗi kuɗin.

Regina ta yi tsammanin ba ta ji daidai ba. "Na rabin daro ka faɗa?"

"Na duka."

"Malam Nuru, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake tsoro, shi ya sa ban rage ba. Zagaya layin nan ki tambaya, in wani ya ƙara miki kwabo, ki dawo ki zage ni." Ya nuna wajen tasha da kwalin. "Kin ga wancan tulin? Tun watan jiya yake nan. An ce jiragen siminti sun cika bakin teku a Ikko, na kaya ba su samu wurin tsayawa ba. Turawan da ke sayen tamu sun gaji da jira, an ce sun koma sayen ta wata ƙasa. Kullum waya ake bugo mana daga sama: ku rage. Wata ya kama, ku sake ragewa."

"To bayan Ista fa?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. "Wa ya gaya muku? Ni dai ba a bugo mini wannan wayar ba."

Ta karɓi kuɗin ta ƙulle a bakin zani. Bato ya yi ɗan kuka a bayanta, siririn kuka kamar na ɗan akuya, ta jijjiga shi ta ratsa layin 'yan tumatir zuwa kantin da suka saba saye.

Kantin ya yi fili. Inda a da gwangwanaye ke jere har sama, yanzu 'yan ƙalilan ne a can ƙurya bayan mai kantin, inda hannu ba ya kaiwa. Ta nuna ƙaramin.

Ya faɗi kuɗin.

"Ba haka mai gidana ya saya ba."

"Yaushe ya saya, Madam?"

"Watan jiya."

"To na watan jiya ke nan. Ni ma ba haka na saro ba. Sukari ya hau, sabulu ya hau, har ashana. Tun da aka ba ma'aikata ƙarin albashin Udoji kowa ke neman kayan waje, kayan kuma suna kan ruwa. In kin dawo watan gobe ki ga ban ƙara ba, to na rufe kantin ne."

Ta kwance bakin zanin ta shimfiɗa kuɗin a kan teburin. Ba sai an ƙirga ba, shi da ita duk sun ga ba su kai ba.

"Ka taimake ni. Yaron ba shi da lafiya."

"Madam, tun safe ke ce ta nawa. In na taimaki kowa, ni wa zai taimake ni?"

Regina ta tsaya tana kallon hoton jaririn da ke jikin gwangwanin, mai kumatu kamar an hura. "Ni abin da ban gane ba," ta ce, "jirgin da ke kawo wannan, ba shi ne ke komawa da cittarmu ba? Hanya ɗaya, teku ɗaya. Yaya abin da ke zuwa kullum yana hawa, abin da ke tafiya kullum yana sauka?"

"Wannan sai ki tambayi gwamnati," in ji shi, ya juya ga wani mai neman batir.

A waje, gefen kantin, wata mata ta kira ta da hannu. Tana zaune da babban kwano cike da farin gari, da ɗan gwangwanin awo a sama.

"Zo, 'yar'uwa, na ji ku. Ga madara ta talaka. Iri ɗaya ne, buhu aka fasa. Kuɗin nan naki zai cika miki leda."

Regina ta durƙusa. Garin fari ne tas, har da ƙanshin madara. Ta riga ta fara kwance zanin, sai ta dangwala da yatsa ta sa a harshe. Zaƙin ya narke nan da nan, ya bar wani abu mai yauƙi a dasashi. Ta san shi. Shi take tuƙawa duk ranar da dawa ta yanke. Garin rogo ne.

"Ki ƙara ruwan zafi sosai, ba ya komai," in ji matar, ta rage murya. "Ni ma 'ya'ya gare ni."

Regina ta daɗe a durƙushe. Da leda cike za ta koma gida, kwalba ta yi fari, ba mai sake tambayarta. Ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar Bato. Ƙafar ta yi sanyi a cikin wannan zafin.

Ta miƙe, ta mayar da ƙullinta, ta nufi tashar mota da daro ba komai.

*

Motar mai bodin katako ce, da benci biyu suna kallon juna. Sai da ta zauna ta ga su wa ke gabanta: Azumi, matar Hammawa, da uwar mijinta wadda kowa ke kira Goggo. Sun sayar da kindirmonsu kaf, ƙoren a jere cikin juna. Tun da madarar kanti ta yi tsada masu shayi ke rububinsu. A cinyar Azumi ga 'yarta Kubra, wadda aka haifa kusan lokaci ɗaya da Bato, tana wasa da tsakiyar wuyan uwarta, damtsenta duk gaɓa-gaɓa.

"Sannunku," in ji Regina.

"Yawwa," in ji Goggo, ta kau da kai. Azumi ta sunkuyar da nata.

Mota ta tashi. Ta bar kwalta ta hau hanyar ƙasa, tana tangaɗi a ramuka. Regina ta sauko da Bato ta rungume, tana ta shirya maganar da za ta yi wa Kambai. In ya ƙi, gobe da kanta za ta ja buhu zuwa bakin hanya, ya yi duk abin da zai yi. Amma gobe gobe ce. A gida abin da ke gindin gwangwani bai fi cokali ba.

Can ta lura yaron ya daina kuka. Ba barci yake ba. Idonsa a buɗe rabi, bakinsa a bushe, kansa na lilo duk inda mota ta karkata.

"Bato. Bato!" Ta girgiza shi. "Yesu, ka taimake ni."

"Miƙo shi nan," in ji Goggo.

Ba ta jira amsa ba, ta karɓe shi ta kwance majanyin. Ta shafa maɗigarsa, ta ji ta faɗa ciki. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tsunkule kafin ta kwanta.

"Rabonsa da fitsari?"

"Tun asuba."

"Ina nononki?"

"Ya kafe, Goggo."

"Ya kafe, ko kin kafar da shi?"

"Ciwo na yi. An tsaga mini a asibiti."

"Duka biyun?"



Goggo ta yi tsaki. "Ɗan mutum, ku ba shi roba ya tsotsa. Ko maraƙi ba a yi masa haka."

Azumi ta ce wani abu da Fulatanci, a hankali. Ta miƙa wa wata fasinja Kubra, ta fara ɗaga rigarta. Goggo ta riƙe mata hannu, ta juyo ga Regina.

"Tsaya, matar Kambai. Ki ji tukuna, kar gobe a ce an yi miki wayo. A wurinmu wannan ba ruwan randa ba ne da ake ɗebo wa baƙo ya sha ya wuce. In ya tsotsa, ko sau ɗaya, Azumi uwarsa ce. Kubra 'yar'uwarsa ce, ba aure tsakaninsu har abada. Hammawa ubansa ne. Ba a kwancewa."

"An yi masa baftisma," in ji Regina, ita kanta ba ta san dalilin faɗin haka ba.

"Ban ce zai yi salla ba. Na ce zai zama ɗanmu. Mijin naki da ya sa mana ƙaya a hanya, zai yarda?"

Regina ta hango a ranta fuskokin matan zumunta, waɗanda suka yi ta yaba bulumboti, yadda za su haɗa kai a ƙofar coci ranar Lahadi. A motar nan kaɗai akwai mutum uku daga ƙauyensu. Kafin ta sauke daro labari ya riga ta isa.

"Ba ya nan," ta ce. "Ni ke nan. Na yarda."

Azumi ta sake magana da Fulatanci, aka ji sunan Hammawa a ciki.

"Ni na haifi Hammawa," in ji Goggo da Hausa, don kowa ya ji. "Ba shi."

Azumi ta rufa mayafi ta karɓi yaron. Mazan da ke bencin suka juya suna kallon daji. Bato bai kama ba. Bakinsa ya saba da roba, ya lalubi nonon ya saki, ya sake saki. Azumi ba ta yi gaggawa ba. Ta matso ɗigo a leɓensa, ta jira. Ta sake matsowa. Harshensa ya motsa. Ta tallafo ƙeyarsa, ta yi masa wani sauti a maƙogwaro irin wanda suke yi wa 'yan maruƙa.

Sai ya kama.

Regina ta ji haɗiyarsa ta farko duk da ƙarar mota. Ta ga ɗan hannunsa ya fito daga mayafin ya damƙi rigar Azumi. Ƙirjinta ya yi wani irin tsami, inda aka tsaga ya yi zugi, ta danne wurin da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙura ido ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, kamar in ta ɗauke ido zai tsaya.

"To, shi ke nan," in ji wani dattijo mai kaji a kwando, har yanzu yana kallon daji. "Ɗan Kambai gobe da sanda zai tashi, yana bin shanu."

"Ya fi bin citta," in ji wata daga ƙurya.

Aka yi dariya kaɗan, aka bari.

Kubra ta ga wani a wurinta ta tsala ihu. Azumi ta yi murmushi karon farko. "Kishi," ta ce wa Regina. "Halin ubanta."

"Na gode, Azumi. Ubangiji ya..."

"Bar godiya, ki saurara," in ji Goggo. "Sha ɗaya ba ya tayar da yaro. Safe da yamma za ki kawo shi ruga. Tsakani kuma ki sa shi a naki, ko ba komai a ciki, ya ja, ya yi ta ja. Ki dama kunun kanwa ki sha da zafinsa. Ki jefar da robar nan."

"Nonon zai dawo, Goggo?"

"Na wata yana dawowa, na wata ba ya dawowa. Ban san naki ba." Ta gyara zaman ƙorenta. "Ta rafi za ki zagayo. Hanyar kusa mijinki ya rufe."

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta shigo gida. A tsakar gida ta tarar da buhu ɗaya an jingine shi da keke, Kambai na tsaye da igiya a hannu. Ya dubi daron, ya dubi hannunta, bai ga gwangwani ba.

"Gobe da sassafe zan kai wannan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai shi, muna bukatar dawa. Amma ba don madara ba. Na ga kuɗin da idona. Ko buhunan nan duka ka kwashe, wata-wata za mu riƙa binsa yana gudu, har su ƙare."

"To me yaron ya sha tun safe?"

Ta sauko da Bato daga baya. Yana barci, barci na gaske, da ɗan farin nono a gefen bakinsa. Ta miƙa wa uban, sai da ya karɓa sannan ta gaya masa. Ba ta rage komai ba, har da abin da Goggo ta ce game da Hammawa.

Fuskar Kambai ta canza. "Ɗana? A cikin mota, gaban mutane?"

"Gaban mutane."

"Kin san abin da za a ce? Za a ce Kambai ya kasa ciyar da ɗansa, sai da matar Bafulatani ta taimake shi. Bafulatanin da na..." Ya kasa ƙarasawa. "Wa kika tambaya?"

"Ban tambayi kowa ba. Da na jira tambaya, da gawarsa na miƙo maka yanzu." Muryarta ba ta tashi ba. "Kai ka kawo katan, ni na bar nawa ya kafe don mata su yaba. Mu biyu muka yi. Duk abin da za a ce, a ce mana tare. Amma gobe da safe ina ruga, da yamma ina ruga."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi ƙasa. Wani ɗumi na bin gaban rigarsa yana gangarowa zuwa wando. Bato ya yi miƙa a hannunsa, bai ko farka ba.

"Ya yi mini fitsari," in ji Kambai.

Regina ta zauna a kan turmin. "Tun asuba nake jiransa," ta ce.

Kambai ya daɗe a tsaye da yaron, rigar na ɗiga. Ya ɗaga kai ya dubi wajen gona, inda shingen ƙayar ya ratsa tsohon burtali. Bayan shingen, ƙarƙashin busasshiyar ciyawa, irin citta ne da ya bari a ƙasa don shukar bana. Can gaba kaɗan hayaƙin ruga ke tashi.

"Ta ina za ki bi?"

"Ta rafi."

"Da yaro a baya. Safe da yamma. Ga ruwa ya kusa sauka, rafin zai cika."

"Haka nan zan bi."

Ya miƙa mata Bato. Ya shiga ɗaki ya fito da adda, ya ɗauki fartanyarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In kin kwantar da shi, ki biyo ni da daron. Irin da ke gefen nan sai an tone shi kafin shanu su taka."

Regina ta kwance rigarta ta sa yaron a nonon da ba komai a cikinsa. Ya kama cikin barci, ya ja, ya ɓata fuska, ya sake ja. Daga gona ta fara jin saran adda a kan ƙaya.

Ke da kike karanta wannan da jariri a cinya, ki ji da kyau. Ko amfanin gonarku ya yi kuɗin zinariya a shekarar da kika haihu, ko wa ya shigo miki da katan yana dariya, kada ki bar nononki ya kafe. Kuɗin gwangwani a ƙetaren teku ake yanke shi, kowane wata da nasa, kuma masu yanke shi ba su san sunan ɗanki ba.